Zane Goma Sha Ɗaya

Malam Kuang ya yi shekara talatin da takwas yana koya wa yaran garin Shitan rubutu. Duk wanda ya tashi a garin, in ka miƙa masa alƙalami, za ka ga ɓurɓushin hannun Malam a cikin nasa: shugaban gidan waya, mai cire haƙori, har direban motar birni, wanda ya yi furfura amma in ya hango Malam sai ya ɓoye sigari a bayansa. Mutum ɗaya ne a layinsu bai taɓa zama gabansa ba, wato Sulan, matarsa. Ba ƙi ta yi ba, shi ma bai hana ba. Ba a dai taɓa tayar da maganar ba. Shi yana da takardunsa, ita tana da allurarta, a haka suka tsufa. In takardar hukuma ta zo sai ta dangwala babban yatsa a jar tawada, ta goge a gefen wando.

Allurar kuwa ba ta wasa ba ce. Nuna wa Sulan hoton tsuntsu sau ɗaya, jibi za ka same shi a kan takalmin jariri, har da gashin da ya karkace a wutsiya. Ba ta ƙari, ba ta ragi. Abin da idonta ya gani shi hannunta ke sauke wa.

Saura wata biyu bikin sabuwar shekara, wata safiya Malam yana tsaye yana wanke alƙalumansa na gashi, kwanon ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti aka sallamo shi da rabin jiki. Hannun dama yana kwance a kan cinya kamar na aro, baki ya karkace, maganar da ta rage masa ba ta wuce kalma huɗu ko biyar ba. Wadda ta fi fita sarai a cikinsu ita ce "a'a". Sulan ta ce wannan bai ba ta mamaki ba, ita ya fi mora tun yana da lafiya.

'Yarsu ɗaya ce, Yali, tana aure a Lanzhou, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. Cikinta ya shiga wata na takwas. Sau biyu tana ɓari kafin wannan, don haka tun a wata na biyar likita ya kwantar da ita, ya ce ko tsintsiya kada ta ɗaga. Duk wanda ya san Yali kuwa ya san ranar da ta ji ubanta ya faɗi, a ranar za ta nemi tikiti, ko na tsayuwa ne, ta kutsa cikin turmutsitsin masu komawa gida biki. Ba a yi doguwar shawara ba. Sulan ta bi layin gida gida ta ce kada wanda ya yi suɓutar baki sai Yali ta sauka lafiya. Ko mijin Yali ba a gaya wa ba, don shi mutum ne da komai ke fitowa a fuskarsa.

Wayar layin tana shagon Gwaggo Peng mai gishiri da ashana. Kowace Lahadi da hantsi Yali kan bugo daga kan gadonta, Peng ta leƙo ta ƙwala kira, "Matar Malam! Lanzhou!" Abu ɗaya da ya yi wa Sulan daɗi shi ne Malam bai taɓa son waya ba. Cewa yake magana ce da ba a iya komawa a gyara. Saboda haka rashin jin muryarsa ba sabon abu ba ne.

"Ina Baba?" in ji Yali.

"Yana can ya baje jajayen takardu. Duk layin nan sun kawo ya rubuta musu na liƙawa a ƙofa don bikin sabuwar shekara. Kin san halinsa."

"To ki ce masa ni ma ina kan layi. Sunan fa? Ya ce kafin ƙarshen wata zai aiko."

"Zai aiko."

"Haka kika ce wancan makon."

"To yanzu ma na sake cewa. Kina cin ƙwai?"

"Mama, ni fa so nake in gan shi a bango kafin a shiga da ni ɗakin haihuwa. Ko dai wani abu ya faru ne?"

"Me zai faru? Tsufa ne da taurin kai. Ki kwanta."

Sulan ta ajiye wayar.

Maganar sunan kuwa ga yadda take. Mahaifin mijin Yali ya daɗe da rasuwa, don haka zaɓen sunan jika ya faɗo kan Malam, shi zai rubuta da alƙalamin gashi a jar takarda, ya buga hatiminsa, a liƙa a bangon ɗakin mai jego. Ya riga ya zaɓa tun kaka: Anhe. A irin rubutunsu harafi biyu ne, kowanne kalma guda: na farko zaman lafiya, na biyu dashen shinkafa, ya dace da namiji ya dace da mace. Ya gwada shi kusan sau talatin a kan tsofaffin jaridu, ya jibge su ƙarƙashin tebur, yana jiran ranar da hannunsa zai yi masa daɗi ya sauke a jar takarda. Sulan ta yi tunanin yanko ɗaya daga jaridun ta aika, sai ta tuna wa za ta aika wa. Malam Kuang ya aiko sunan jikansa a bayan labarin farashin taki? Ai gara a buga wa Yali waya a gaya mata komai.

Ta aika aka kira Luo na gidan waya. A cikin duk waɗanda Malam ya koyar, shi ne mai hannun da ake nunawa. Ya zo da yamma bayan an tashi aiki, ya gaida Malam a tsaye kamar ɗan aji uku, ya naɗe hannun riga. Ya ƙura wa jaridun ido, ya ja numfashi, ya rubuta. Rubutu ya yi kyau, ko Sulan ta ga haka.

Malam ya kalla daga kujerarsa ya ce, "A'a."

"Malam, ina kuskuren?"

"A'a."

Luo ya sake kallon nasa, ya kalli na jaridar, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Matar Malam, babu kuskure. Matsalar ita ce hannun nawa ne. Yali tun tana shekara biyar take niƙa wa Malam busasshiyar tawada da ruwa, daga bakin ƙofa za ta gane ba hannunsa ba ne. Duk wanda ya iya rubutu yana da nasa hannun, ko ya so ko ya ƙi, sai ya leƙo."

"To wanda bai iya ba fa?" in ji Sulan.

Luo ya yi dariya, a zatonsa raha take yi.

Washegari bayan ta ba Malam kunun shinkafa ta goge masa baki, ta share tebur, ta zaɓi jaridar da ta fi yi mata kyau, ta jingina ta da butar shayi. Ta niƙa tawada yadda ta ga ana yi shekara arba'in. Ta riƙe alƙalamin kamar allura, ta fara daga ƙasa ta dama, inda takan fara wutsiyar tsuntsu. Da tsinin gashin ta fitar da gefunan kowane zane, sannan ta bi ta cike ciki a hankali. Awa guda da rabi ta yi. Da ta gama ta ɗora nata kusa da nasa, ita kanta ba ta iya bambancewa ba. Gwaggo Peng da ta shigo aron rariya ta dafe ƙirji.

"Kai! Matar Malam, ashe ɓoye mana kike yi? Wannan ai ko shi sai ya rantse nasa ne."

Aka kai wa Malam. Ya daɗe yana kallo, ya fi yadda ya kalli na Luo daɗewa. Sannan ya lalubi cokalin kunu da hannun hagu ya shiga dukan tebur, ƙwas ƙwas ƙwas, har Peng ta manta rariyar ta fice.

Luo ne ya warware mata da ya biyo da yamma. Ya ɗaga takardar ta fuskanci taga. "Kin gani? Wannan fenti aka yi, ba rubutu ba. Tawadar a kwance take wuri ɗaya, ba ta tafiya. Alƙalami yana barin sawu, Matar Malam. Ana ganin inda ya sauka, inda ya tashi, wanne zane ya hau kan wanne. Kowane zane sau ɗaya ake jansa, kuma kowanne da lokacinsa."

"Wa ya sa musu lokacin?"

"Haka muka tarar." Ya karanto mata kamar yadda suke rerawa a aji: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye. Malam ya rufe ido yana gyaɗa kai, ya buga cokali sau ɗaya.

"Zane nawa ne duka?"

"Shida a na farko, biyar a na biyu."

"Goma sha ɗaya kacal? A kan wannan kuke ɗaga wa mutane hanci?"

Haka aka buɗe makaranta a gidan Kuang, ɗaliba ɗaya mai shekara sittin da ɗaya, malami ɗaya mai cokali. Kullum bayan karin kumallo sai ta jawo kaskon garwashi kusa da ƙafarsa, ta zuba ɗan shayi a kan tebur. Ya tsoma yatsan hagu ya ja zane, a karkace, yana rawa, amma ana gane daga ina ya tashi ina ya nufa. Ita kuma ta tsoma alƙalami a ruwa ta ja a kan wani faffaɗan tubali, don kada a ɓarnatar da tawada. In daidai ne, bugu ɗaya. In ba daidai ba, sai maƙwabta sun ji.

Harafin farko yana da rufi a sama: ɗigo a tsakiya, ɗigo a hagu, sai dogon da ke miƙewa ya lanƙwaso. Wannan bai ba ta wuya ba, kwana biyu ta kama shi. Ukun da ke ƙarƙashin rufin ne suka zame mata aiki. Ɗaya yana gangarowa ya karye kamar gwiwa, ɗaya yana zamewa hagu, sai wani dogo na kwance da ya ratsa su. Hankalinta ya ba ta a fara shimfiɗa dogon, sauran su sami abin kamawa. Duk lokacin da ta yi haka cokali ya tashi.

"Shekaranjiya Luo ya ce na kwance ne farko, yau kuma shi ne na ƙarshe. Ku zauna ku daidaita bakinku mana, Tsoho."

"A'a."

"Na ji. A'a. Ko da me za a ci yau na tambaye ka, a'a."

Ta bi yadda ya ce, tana ƙunƙuni. Sai ga shi da ta ja na gwiwar, hannun da kansa ya tashi ya faɗa inda na biyu ke farawa, daga ƙarshen na biyun kuma ya ɗago ya tarar da bakin dogon yana jiransa. Ba ta nemi hanya ba, hanyar ce ta zo. Ta sake yi sau uku don ta tabbata ba dace ba ne. Ba ta nuna masa ta gane ba, don ba ta ga dalilin ƙara masa girman kai ba.

Abin ya yi mata daɗi, kuma daɗin ne ya tayar mata da haushi. Tana yanka kabeji sai ta ga wuƙar tana jan zane a kan katako. Tana jiran ruwa ya tafasa, yatsanta na rubutu a cinyarta. Ashe abin da aka yi shekara arba'in ana yi a ɗakin gaba, tana kai shayi tana fitowa a kan yatsun ƙafa, bai fi ƙarfinta ba. A rana ta shida wuyan hannunta ya kumbura, idonta na ruwa, ta ajiye alƙalamin da ƙarfi.

"Yaran mutane dubu nawa ka koya wa? Har da ɗan mahaucin nan da ba ya iya ƙirga yatsunsa. Da ka zaunar da ni tun ina da ido, da yanzu ba ma nan muna wannan wahala."

Malam ya kalli hannunsa na dama. Ya motsa baki, ya yi ta kokawa da wata kalma, abin da ya fito dai "a'a" ne, amma a hankali, ba irin waccan ba. Sulan ta yi kamar ba ta ji ba, ta tashi ta ƙara gawayi a kasko.

Harafi na biyu ya fi sauƙi. Ɗan gajere a sama mai zamewa hagu, sai na kwance, sai na tsaye ya ratsa shi, sai ƙafa biyu, hagu da dama. Haka yatsan Malam ya nuna a cikin shayi, haka ta yi kwana biyu tana yi. A rana ta uku tana gwada nata da na jarida sai ta tsaya. Ta jawo wata jaridar, ta jawo wata. Ta baje su duka a ƙasa ta durƙusa a kansu.

"Tsoho, kai ba haka kake yi ba."

Ya ɗago.

"Ga zare nan. Siriri, daga ƙarshen na saman ya gangaro kai tsaye cikin na tsaye. Kai na tsayen kake fara ja, sannan ka dawo ka gitta na kwance a kansa. Duba, a nan ma. Duk talatin ɗin haka suke."

"A'a."

"Kada ka ce mini a'a a kan zare. Rubutu naka ne, zare nawa ne."

Gaskiyarta ne. Malam, kamar yawancin waɗanda suka tsufa da alƙalamin gashi a hannu, yana da 'yar hanyarsa ta yanke a wannan harafin, hannunsa ya saba har ya daina sanin yana yi. Amma shekara talatin da takwas bai taɓa barin mai koyo ya ja na tsaye kafin na kwance ba, kuma ciwon ya ɗauke masa hannu ne, bai ɗauke wannan ba. Ta gwada yadda jaridar ta nuna, ya buga tebur. Ta sake, ya buga har cokalin ya fice daga hannunsa ya faɗa cikin kasko. Fuskarsa ta yi jawur, jijiyar wuyansa ta tashi. Likita kuwa ya ja mata kunne a kan ɓacin rai.

Ta ciro cokalin da awartakin gawayi, ta goge, ta mayar masa a hannu. "Shi ke nan. Sunanka ne, jikanka ne. Na kwance kafin na tsaye."

A rana ta goma sha ɗaya aka ɗauko jar takarda. Falle uku suka rage a gidan. Na farko ya ɓaci tun a ɗigo, tawada ta malale. Ta fita tsakar gida ta kwashe shanya, ta sha ruwan zafi, ta dawo. A na biyu ba ta kalli jarida ba. Ta ja, cokali ya buga sau ɗaya. Ta ja, ya buga. Haka har goma sha ɗaya, bai wuce a ce an sha rabin kofin shayi ba. Ta ɗauko hatiminsa na dutse ta dangwala a jar tawada, ta ɗora hannunsa na hagu a kai, ta danne da nata.

Luo ya ɗaga takardar a taga ya daɗe, ya ce shi kam da a hanya ya tsince ta da ya kawo wa Malam kayansa. Ambulan ba ta zama matsala ba. Malam mutum ne mai tanadi, tun kaka ya rubuta adireshin Yali a kan guda goma ya ɗaure da zare.

Lahadi biyu bayan haka Peng ta ƙwala kiranta.

"Ya iso," in ji Yali.

"To. Ya yi?"

Sulan ta matse wayar a kunne.

"Ya yi kyau, Mama. An liƙa shi a saitin gado. Ki ce wa Baba na gode."

"Zan faɗa masa. Ai ya sha wahala a kansa, kwana da kwanaki."

"Na gani. Ke fa, kina cin abinci?"

"Ni aka ce miki ke da ciki?"

Ta fito daga shagon tana tafiya kamar wadda ta rage shekara goma. Ta ce wa Peng, "Ta haɗiye, ko tari ba ta yi ba." A gida ta dafa kifi da barkono, ta ba Malam labari sau biyu. A ranakun Lahadin da suka biyo Yali ba ta yawan magana, kuma ta daina tambayar ina Baba. Sulan ta ce nauyin ciki ne, ita ma haka ta yi a watan ƙarshe.

Kwana ashirin da uku da isar takardar, mijin Yali ya bugo. Mace ce, uwa da 'ya lafiya. Sulan ta zauna a kan buhun gishirin Peng ta yi kukan da ta yi wata biyu tana ajiyewa. Ta yanke cewa sai Yali ta gama watan zaman jego, ta yi ƙwari, sannan za a gaya mata a hankali, kaɗan kaɗan. Har ta fara tsara yadda za ta soma.

Ba ta sami damar somawa ba. Wata rana da azahar, gonakin bakin kogi sun yi rawaya da fure, tana tsakar gida tana shanya bargon Malam, aka turo ƙofa. Mijin Yali ne riƙe da jaririya a cikin zanen goyo, Yali a bayansa, ta rame, a hannunta sabuwar sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, ko ledar ba a cire ba. Ta ce, "Mama," ta wuce ɗakin gaba. Sulan ta bi ta da bargon a hannu. Yali ta durƙusa gaban kujera, ta ɗauki hannun daman ubanta ta juya shi ta duba, ta gyara masa wuyan riga, ta karɓi jaririyar ta ɗora masa a cinya ta ɓangaren hagu. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi tambaya ba. Malam ya kalli 'yar fuskar, bakinsa na motsi, hawaye na bin gefen da ya karkace.

Sai da suka keɓe a ɗakin girki Sulan ta yi magana. Tana wanke shinkafa, ba ta juyo ba.

"Wa ya gaya miki? Peng ce ko? Bakinta ba ya rufuwa."

"Ba Peng ba ce."

"Luo ke nan."

"Ni na kira Luo bayan na haihu. Na ce kada ya ɓata mini lokaci, ya gaya mini me ya sami Baba da wane ɓangaren jiki ne kawai."

"To wa?"

"Takardar." Yali ta zauna a kan ƙaramar kujera ta jawo kwandon ganye tana tsinkewa. "Ina buɗewa na ga siffar ta Baba ce, kamar an ɗauke ta an dasa. Amma Baba bai taɓa rubuta na biyun nan haka ba. Na tsaye yake fara ja. Ina aji biyu na kwaikwaye shi, ya sa na rubuta shi sau ɗari biyar yadda littafi ya ce. Ya ce sai na yi dubu goma daidai kafin in sami izinin yin nasa."

Sulan ta ci gaba da cuɗa shinkafa.

"Mutum ɗaya na sani a duniya da zai iya ɗauko siffa haka. Da na gane ke ce, sai na ce Baba ya mutu. Na yi wajen awa ɗaya a haka, takardar na kan ƙirjina. Sannan na sake dubawa. Na ce a'a. Da ya mutu, da kin kwafi abin da kika gani, har da zaren, ba ki taɓa barin zare ba. Tunda aka gyara, to yana nan zaune kusa da ke yana hana ki. Ban san me ya same shi ba, ban san me ya rage ba. Na dai san yana da ran da zai ce a'a."

"Na gaya masa akwai zare," in ji Sulan.

"Gara da bai ji ba."

Ruwan shinkafar ya riga ya yi fari ya koma garau, Sulan ba ta tsiyaye ba. Ta lissafa a ranta. Kwana ashirin da uku a kan gado, takardar tana saitin ido, ga waya a gefen matashi. Ita kuwa tana nan tana dafa kifi tana ba da labari. Kunya ta kama ta, da wani tausayi mai zafi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

"Lahadi uku muna magana. Me ya hana ki tambaya?"

"Da na tambaya da kin faɗa. Da kin faɗa da na taso." Yali ta jefa ganye a kwano. "Kin zauna kin koyi rubutu kina da shekara sittin da ɗaya don in kwanta, Mama. Sai na kwanta."

Daga ɗakin gaba jaririyar ta fara kuka, cokali kuma ya shiga buga tebur, a kira wani ya zo. Yali ta miƙe ta karkaɗe riga ta tafi. Sulan ta karkata tukunyar za ta tsiyaye ruwan, sai shinkafa ta bi ruwan ta zube a ƙasa. Ta durƙusa tana tsincewa ƙwaya ƙwaya.